Mai Tabarau Ya Hana Biza

Ranar da takardar ta iso, Mai Tabarau ya yi murna kamar kowa, har ya rufe shago da wuri. Autarsa aka ɗauka horon wata tara a wani kamfanin yanka gilashin ido a ƙasar waje, ita kaɗai cikin mutum ɗari da 'yan kai. Sai da ya koma gida ya cire takalmi, sannan ya zauna ya fara lissafi. Ya san 'ya'yan mutane da suka tafi wata tara, yanzu iyayensu a waya suke ganin jikoki.

Saura biza, irin wadda ake ba masu zuwa koyon aiki. Sharaɗinta mai nauyi guda ne: ka gamsar da jami'in da ke bayan taga cewa in ka gama za ka dawo gida.

A nan Kawu ya shigo maganar, ƙanin matar Mai Tabarau. Sau huɗu ya nemi biza, sau huɗu aka hana shi, don haka dangi suka yi ittifaƙi babu wanda ya kai shi sanin harkar.

"Ni na san inda ramukan suke," in ji shi. "Duk na faɗa cikinsu."

Ya ce dole a yi gwaji a shago, kullum bayan la'asar. Ya ɗauko wani fallen gilashi ya jingina a kan kantar shagon, tsakanin madubi da kwalin firam ɗin tabaraun yara, ya ce ga taga nan. Sannan ya ƙare wa surukinsa kallo.

"Yaya, kai ne jami'i. Allah ya ba ka fuskar."

Ya juya kan Auta da dokoki. Kada ta yi murmushi, za a ce tana murnar gudu. Kada ta ɗaure fuska, za a ce ƙasarta ta ishe ta. Ta kalli hancin jami'i, ban da idonsa. Kowace amsa kada ta wuce kalma bakwai. In an riƙe fasfo, an dace. In an turo mata shi, ta ɗauka ta fita, kada ta yi kuka sai ta wuce mai gadi.

Auta ta miƙa fasfo ta ƙarƙashin gilashi. Mai Tabarau ya yi gyaran murya.

"Me zai dawo da ke?"

"Ina ƙaunar ƙasata da iyayena ƙwarai, ranka ya daɗe."

"Tara," in ji Kawu, yana lissafi da yatsu. "Cire ranka ya daɗe."

Ta cire. Mai Tabarau ya turo fasfo. Ya ce ta ƙifta ido sau biyu. A zagaye na biyu ya ce muryarta ta yi ƙasa. A na uku ta amsa komai tsaf, ya ce amsar ta cika kyau, akwai lauje cikin naɗi.

Washegari wata tsohuwa ta kawo tabaraunta da hannu ɗaya ya cire. Kawu ya sa ta a layi bayan Auta, wai don abin ya yi kama da gaske. Da ta iso taga ta miƙa tabarau, Mai Tabarau bai ko duba ba ya turo mata abinta, ya ce ba ta gamsar da shi ba. Sai da Auta ta bi ta har bakin titi da ban haƙuri.

Kwana huɗu, hani tara. Kawu baki har kunne.

"'Yata, kin ninka ni har da ɗoriya, tun ba ki je ba!"

Auta dai ta daina dariya. Ta daina cin abincin kirki, tana yawo a shago tana motsa leɓe, tana ƙirga kalmomi. Mai Tabarau yana ganin haka, kuma kunya tana cinsa, don ya san abin da yake yi. So yake ta karaya kafin ranar Alhamis, ranar da za ta je gaban jami'in gaske. Shekara biyu ke nan idonsa yana dusashewa. 'Yan ƙananan kusoshin firam da yake ɗaurawa a dā yana hira, yanzu da lalube yake nemo raminsu. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai kawo idonsa wurin mai tabarau da ba ya gani? Auta ce kaɗai a cikin 'ya'yansa ta riƙe sana'ar. In ta tafi ba ta dawo ba, shagon shekara talatin ya mutu, shi kuma ya koma zaman ƙofar gida.

Ranar Laraba aka yi gwajin ƙarshe. Kawu ya zo da alkalami a kunne. Auta ta miƙa fasfo.

"Me zai dawo da ke?"

"Ina ƙaunar ƙasata da..." Ta katse maganar. Ta bar hancin, ta dubi idon. "Baba, kai za ka dawo da ni."

"Bakwai cif!" in ji Kawu. "Tsaya nan, kada ki ƙara!"

Ba ta tsaya ba.

"Shekara biyu ina zuwa shago kafin ka zo, ina kwance abin da ka ɗaura jiya ina sakewa. Tabaraun direban nan, gilashin dama ka sa masa a hagu. Na malamar makaranta ka bar shi da kusa ɗaya. Ban faɗa ba don kada ranka ya ɓaci. Can akwai injin da yake auna gilashi ya yanka da kansa, ba sai an ƙura ido ba. Shi zan je in koyo, in dawo ka zauna a kanta kana hira da mutane, ni ina ciki ina aiki. Na riga na yi magana da mai shagon tabarau na kan kwana, zai riƙa karɓar ƙananan aikin har in dawo. In kuma ka sake turo min fasfon nan, gobe ba zan je ba, sai mu ci gaba da yadda muke."

"Ta rusa komai," in ji Kawu, ya dafe kai. "Wannan ai ta wuce kalma ɗari. A nan aka kama ni karo na uku."

Babu wanda ya kula shi. Mai Tabarau yana riƙe da fasfon, buɗe a shafin hoto. Ya san fuskar Auta ce a wurin, amma abin da yake gani wani dishi-dishi ne mai ɗankwali. Ya rufe, ya ja aljihun kanta ya saka, ya tura da gwiwa. Sannan ya ɗauke fallen gilashin ya miƙa wa Kawu.

"Riƙe tagarka."

Ya zagayo daga bayan kanta, ya nufi kujerar da yake zaunar da mutane in zai gwada musu ido. Shekara talatin bai taɓa zama a kanta ba, bai ma san tana da tauri haka ba. Ya gyara zama, ya rufe idon hagu da tafin hannu.

"To, kunna allon gwajin idon."

Auta ta kunna, ta ɗauki sandar nuni. Ya karanta babban harafin sama da murya irin ta jami'i. Ya karanta layi na biyu a hankali. Da ta sauko da sandar kan layi na uku, ya daɗe yana kallo.

"Auta," ya ce, "akwai rubutu a wurin?"