Asalin Gidan Hoggard

Maud Hoggard tana cikin zuba wa aladunta dusa yayanta Cedric ya iso gonar. Bai fito daga mota ba, gilashi kawai ya sauke, ya toshe hanci da hankici.

Shekara arba'in ya yi a birnin Leeds, har ya taɓa yin kansila. Da ya yi ritaya ya dawo ƙauye, sai ya tsiri haɗa taron duk wani mai suna Hoggard a faɗin yankinsu na Yorkshire, a Ingila.

"Ranar Asabar ne, a zauren coci," in ji shi. "Ki yi wanka sosai. In an tambaye ki sana'a, ki ce manomiya ce ke."

"Aladun fa, Yaya? In ce tumaki ne?"

"Ki dai rufa mana asiri. Akwai manyan mutane."

Ya miƙo mata takardar gayyata. A jiki an rubuta cewa kakansu na farko wani basarake ne daga Faransa, de Haugarde, wanda ya ƙetaro teku da dakarunsa. A ƙasa an jera fitattun gidan: wani alƙali, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, wani mai masaƙa. Cedric ne na huɗu. Maud ta duba gaba da baya, babu sunan mahaifinsu, mutumin da ya yi shekara hamsin cikin taɓon gonar nan har ɗansa ya gama jami'a.

Washegari ta hau bas zuwa gidan adana tarihi na gunduma. Wata ma'aikaciya, Misis Thwaite, ta ɗauko mata tsofaffin rajistoci, ta sa yatsa a kan sunan Hoggard.

"Ai kalma biyu ce ta Turanci aka haɗa. Ta farko alade, ta biyu makiyayi. Mai kiwon alade ke nan."

"Basaraken Faransa fa?"

"Ni dai ban taɓa cin karo da shi ba."

Maud ta sa aka rubuta mata a takarda.

Ranar Asabar mutum kusan sittin suka cika zauren, ana shan shayi da kek. Cedric ya yaye ƙyalle daga kan wani allon katako mai ruwan zinare da ke ɗauke da sunayen fitattun gidan, ya shiga ba da labarin kakansu da dokinsa da takobinsa. Maud ta bari sai da aka gama tafi, sannan ta miƙe, ta karanta takardarta tun daga farko har sa hannu.

Can baya wani ya tuntsire da dariya.

"Zauna, Maud," in ji Cedric.

"Ba zan zauna ba, ranka ya daɗe kansila. Ina sunan Baba a allon nan?"

"Allon fitattu ne."

"Kwat ɗin farko da ka saka, da me aka saya maka?"

Fuskarsa ta yi jawur. "Hassada ce ke cin ki. Kin ƙare a garke, ba miji ba ɗa, shi ya sa kike so kowa ya yi wari irin naki."

"Warin nan shi ya raine ka. Da Baba na kwance a asibiti, sau nawa ka zo? Sau ɗaya, shi ma a bakin ƙofa ka tsaya kana duba agogo."

"Fita daga nan."

"Zan fita. Amma ku duka," ta juya ta dubi baƙin, "alƙalinku da kyaftin ɗinku, jikokin mai kiwon alade ne, kuma ba sata ya yi ba."

Ta ajiye kofinta ta fita. Ta zaci za ta ji sanyi a ranta, amma ba ta ji ba.

Kwamitin coci ya ƙi yarda a kafa allon a zauren, Cedric ya ɗauke shi zuwa falonsa. Daga nan ko a kanti suka haɗu, kowa sai ya kau da kai.

Bayan wata uku fasto ya zo gonar, yana ta kame-kame. Wai Cedric ya sauya sunansa a hukumance, yanzu Haugarde yake, kuma yana neman a kankare rubutun kabarin mahaifinsu a gyara shi ya yi daidai da nasa. Fasto ya ce ba zai taɓa dutsen ba sai 'ya'yan duka biyu sun sa hannu.

Maud ta karɓi takardar, ta karanta a tsaye, ta mayar masa.

"Ka gaya masa in ya mutu ya rubuta abin da ya ga dama a nasa. Wannan ba ubansa ba ne shi kaɗai."

Cedric ya sa lauya ya rubuto mata sau biyu, ba ta ba da amsa ba. Kabarin yana nan yadda yake. Lokacin Kirsimeti dukansu sukan kai furanni, shi da safe, ita da yamma, kuma in ta zo sai ta ture nasa gefe.