Dokar Sakan Talatin

Auta ce ta kafa dokar da bakinta, babu wanda ya sa ta. Duk waƙar da aka aiko wa shirinsu, abokin aikinta Injiniya zai cire sunan mai ita, ya ba ta lamba, a saka ta sakan talatin cif. In ta kama kunne a bar ta ta kai ƙarshe, in ba ta kama ba a datse, Auta ta faɗi abin da ya zo bakinta. Abin da ke zuwa bakin nata kuwa ba ya zuwa da lallami. Shi ya sa masu sauraro suka laƙaba mata Reza, ita kuma sunan ya yi mata daɗi fiye da kima.

Shirin irin wanda ake ɗorawa a intanet ne, fodkas, kowa ya saurara a wayarsa lokacin da ya ga dama. Duk safiyar Asabar suke ɗauka, a bayan shagon buga takardu na Injiniya, cikin wani sito da aka manna wa kwalayen ƙwai a bango don kada murya ta yi amo. Makirfo biyu, kujera biyu, ɗaya ƙafarta ta karye an tokare da ɗaurin takardu. Akwai fanka amma ba a kunnawa saboda ƙara, sai dai kowa ya sha gumi.

Rabin farko na shirin karatu ne. Akwai wani dogon wasan kwaikwayo na talabijin da aka daina nunawa shekara uku da suka wuce, aka bar masu kallo a rataye. Da suka gaji da jira, sai kowa ya ɗauki alƙalami yana ƙarasa wa mutanen wasan rayuwa yadda ransa ke so: wannan ya yi wa likitan da ke cikin wasan aure, wancan ya kashe shi, wata ta ji haushi ta tashe shi. Irin waɗannan labaran ake aiko wa Auta tana karantawa. Rabin ƙarshe kuma na sababbin waƙoƙi ne, na mawaƙan da ba su da kamfani ba su da ubangida, masu ɗaukar murya a ɗakin kwana da bargo a ka.

A duk masu sauraronta babu kamar yayanta. Gyaran firji yake yi a wani shago mai ƙofar ƙarfe, tsakanin mai walda da mai facin taya. Duk Litinin da safe sai ya jefa wayarsa cikin wani tsohon gwangwanin madara don sautin ya ƙara ƙarfi, ya ɗora a kan kantar shagon, ya ƙure murya. Maƙwabta tun suna ƙorafi har suka saba, har suka fi shi sanin wanda likitan ya aura.

Abin da maƙwabtan ba su sani ba, Yaya mawaƙi ne a dā. Yana da shekara ashirin da biyu Umma ta rasu, Auta tana da tara. A makon nan ya ɗora jitarsa a kan kabad, ya tafi koyon gyaran firji, bai sake taɓa ta ba. Shi ya kai Auta makaranta, shi ya koyi yi mata kitso, kitson da har yau in ta ga hotonsa sai ta yi dariya. Tun da ta yi wayo abin ke cin ranta, don ta san saboda ita muryar nan ta mutu. Ba ta da burin da ya wuce ta ji ya sake waƙa, kuma in za a faɗi gaskiya, rabin dalilin da ya sa ta ƙara sashen waƙoƙi a shirin ke nan.

"Yaya, don Allah ka aiko mana ko guda ɗaya," haka take masa kullum.

"Ni da furfura? In aiko ki yanka ni a gaban duniya?"

"Haba Yaya, kai fa daban ne."

"To shi ne ba na so," in ji shi. "In zan aiko, sai dai ki yi min kamar kowa."

Takan ɗauki wannan a matsayin hanyarsa ta cewa a'a.

Wata biyu kafin abin ya faru, Auta ta yi wani ɗan maguɗi. Ta rubuta nata labarin, ta karanta a shirin ta ce wata mai sauraro ce ta aiko. A wasan talabijin ba a taɓa nuna uwar likitan ba, sai ita ta yi masa uwa: tela ce mai keken ɗinki na ƙafa, wanda igiyarsa ta taɓa tsinkewa aka haɗa ta da waya, duk zagayowa sai mahaɗar ta bugi ƙarfe ta yi ƙas. Likitan yana yaro yakan kwanta a ƙarƙashin keken yana ƙirga ƙas ɗin har barci ya ɗauke shi. Ba ƙirƙira ta yi ba. Keken Umma ne, wanda har yanzu ke lulluɓe a falon Yaya, mai ƙirgar kuma ita ce. Tana karantawa muryarta ta yi rawa, ta ce mura ce. Masu sauraro suka yi ta yabo. Yaya bai ce uffan ba, ita ma ba ta tambaye shi ba.

Ranar Asabar ɗin da ake magana, waƙa biyar aka aiko. Zafi ya yi yawa, ta farko ba daɗi, ta biyu kwaikwayon wani ce, ta uku ta ci sa'a aka bar ta. Auta ta riga ta ɗau zafi, bakin ya wasu. Injiniya ya ce, "Lamba huɗu," ya danna.

Babu ganga, babu jita, babu murya. Wata ƙara ce kawai, gur-gur-gur, can a yi ƙas, a koma gur-gur-gur. Sakan goma. Sakan ashirin. Auta ta dubi Injiniya, ya ɗaga kafaɗa. Agogo na cika talatin ya datse.

"Jama'a," in ji Auta, tana matso da baki kusa da makirfo, "mun ce a aiko waƙa, wani bawan Allah ya aiko mana janaretan maƙwabcinsa. Malam, ba situdiyo za ka ba, wurin makanike za ka. A canja masa fulogi!"

Injiniya ya yi dariya har kujerar nan mai karyayyar ƙafa ta kusa kayar da shi. Ya ce wannan wurin zai yanko ya yi talla da shi, kuma ya yanko. Kafin Litinin maganar ta zagaya, duk wanda abu bai yi masa ba sai ya ce a canja masa fulogi. Auta ta yi ta duba wayarta tana jin kanta a sama.

Ranar Laraba da rana tana kantin magani inda take aiki, Injiniya ya kira.

"Reza, ina share fayiloli ne, na bar lamba huɗun nan tana tafiya. Ashe akwai waƙa a ciki. Kuma kamar a kan labarin telar nan ne da kika karanta. Bari in turo miki."

Ta shiga ɗakin ajiya, tsakanin kwalayen ruwan ƙari, ta sa abin ji a kunne. Gur-gur-gur, ƙas. Wannan karon babu agogo a gabanta, babu wanda take so ta ba dariya, kuma tun kafin ƙas na uku ta gane. Ta san wannan ƙarar. Ta fi sanin ta da muryar kowa a duniya. A sakan na arba'in da ɗaya jita ta shigo a hankali, tana bin bugun keken, sannan murya, ta ɗan dishe, ta ɗan tsufa, amma ita ce. Yana waƙar wata yarinya da ke ƙirga bugun keke, ba ta taɓa wuce sittin ba barci ke sace ta, sai yayanta ya ɗauke ta ya kai ta gado.

Auta ta zauna a kan kwali ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun tana 'yar tara. Kunya ce ta fi yawa a ciki. Ita da ta zauna ta rubuta wannan ƙas ɗin da hannunta, ta karanta wa dubban mutane har da rawar murya, aka kawo mata shi a kunne ta kira shi janareta.

Ba ta jira tashi ba, ta nemi izini ta hau mota zuwa shagon Yaya. Tana sauka a bakin layin, mai walda ya hango ta, ya ɗaga tabaransa na aiki ya kwaɗa mata kira.

"Reza da kanta! A canja masa fulogi! Wallahi ƙanwata kin kashe mu ranar Litinin. Sau uku muka sa yayanki ya maimaita mana wurin."

"Sau uku?"

"Har da mai faci. Ki tambaye shi."

Yaya yana durƙushe a bayan wani firji, kansa a ciki. Ya juyo ya ga idonta, ya gane ta gane. Ya goge hannu da tsumma, ya jawo mata benci.

"Kin ci abinci?"

"Yaya, ban sani ba. Wallahi ban san kai ba ne."

"Ai don kada ki sani na aika. Da lambar matata na tura wa abokin aikin naki."

"Me ya sa ba ka fara da muryar ba? Ka san dokar, kullum kana ji."

"Na sani." Ya juya sukundireba a hannu. "Na ce a raina, kowa zai iya datsewa, ban da ke. Na ɗauka kina jin ƙas ɗin farko za ki ce wa yaron nan ya cire hannunsa. Sati uku ina gyaran keken kafin ya tashi, ya yi tsatsa. Igiyar ce kawai ban taɓa ba."

Da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi. Amma a hankali yake magana, kamar yana gaya wa mai firji abin da ya lalace.

"Zan saka ta ranar Asabar," in ji ta da sauri. "Gaba ɗayanta. Zan ce na yi kuskure, zan faɗa wa kowa waƙar waye. Yaya, waƙar ta yi kyau, ban taɓa jin..."

"Yanzu da kika san tawa ce."

"Ko ban sani ba!"

"Da ba ki sani ba, kin faɗi naki." Ya yi murmushi don ya rage mata zafi, abin ya ƙara. "Auta, in kin saka ta yanzu, ƙanwa ce ta saka waƙar yayanta. Duk yabon da za ki yi, ni ba zan san na waƙar ba ne ko na kitson da na yi miki. Abu ɗaya nake so in sani, ko har yanzu akwai wani abu a maƙogwaron nan, kuma hanyar sanin guda ɗaya ce, ta wuce. Ki bar ta. Kada ki saka, kada ki faɗi sunana. Yara nawa kika datse ba su da 'yar'uwa a shirin?"

Ta tuna da su, lamba biyu, lamba biyar, lamba ɗaya, mako bayan mako, waɗanda ba ta taɓa jin sakan na talatin da ɗaya nasu ba.

"To ka yi wata," ta ce. "Ka aiko ban sani ba."

"Yanzu duk waƙar da ta zo za ki riƙa neman muryata a ciki. An gama wannan." Ya miƙe. "Jitar ma na mayar kan kabad. Yatsuna sun yi kanta, ciwo take ji min."

Daga waje mai walda ya sake leƙowa, injinsa ya ƙi tashi. "Maigida, zo ka duba min, ko shi ma fulogin za a canja?"

Yaya ya yi dariya. Dariya sosai, har da buga cinya, don kada kowa ya gane. Auta ta kau da kai. Wannan dariyar ta fi duk abin da ya faɗa yi mata ciwo, don ta san tun Litinin yake yin ta.

Ranar Asabar ta gaya wa Injiniya an soke dokar, kowace waƙa a bar ta ta ƙare. Ya ce shirin zai yi tsawo, masu sauraro kuma yankan suke so. Ta ce su so. Suka zauna cikin gumi suka ji waƙa shida daga farko har ƙarshe, huɗu ba daɗi, ta faɗa ba tare da ta yi wa kowa dariya ba. Waƙar Yaya kuwa ba ta saka ba, tunda ya hana. Tana fita ta tura masa shirin, ta rubuta cewa ya saurara, ta canja wani abu.

Litinin da safe ta biya ta shagon kafin ta wuce aiki, wai ta kawo masa maganin ciwon baya. Tun daga bakin layi ta kasa kunne. Ƙarar walda ta ji, da ta guduma a kan taya, babu muryarta.

Ya karɓi maganin ya yi godiya, ya tambaye ta aiki, ya ce zai saurara in ya samu sarari. Ta ce to. Tana juyawa idonta ya kai kan kantar shagon. Gwangwanin madarar yana nan inda yake, amma ya cika shi da noti da ƙananan kusoshi har baki, babu wurin da waya za ta shiga.