Rariyar da Ta Ratsa Gidana

Barci ya ɗauke ni bayan sallar azahar, ina kishingiɗe a ƙofar ɗaki, ko hijabi ban cire ba. Tun da katanga ta danne 'yata Laure a daminar nan ban sami barci mai nauyi ba sai ranar.

Unguwarmu tana da kududdufi tun zamanin kakanni. A nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidajenmu, nan kuma ruwan sama yake taruwa. Ruwan kowane gida yana bi ta rariyar gidan da ke ƙasa da shi, ba mai toshe wa wani. Haka muka taso muka tarar. Sai aka sayar da kududdufin, aka cike shi, aka yi shaguna. Ruwa ya rasa wurin zuwa, ya jiƙa gindin katangata, ta faɗo wa Laure tana kwashe shanya. Jama'a sun taru, amma kafin a sami masu tono an sami masu ɗaukar hoto.

Yanzu hanya ɗaya ta rage wa ruwan layinmu: ya shigo ta rariyar gidana, ya ratsa tsakar gida, ya fita babbar kwata. Ɗana na fari, wanda nake sakaya sunansa in ce Magaji, ya ce in sayar da gidan in bi shi Abuja. Mai shagunan ne zai saya, zai zuba siminti ya yi ɗakin ajiya. Da safe na ce masa to. Da la'asar zai kawo mutumin.

Ina rufe ido na ji an damƙi hannuna. Iya Dudu ce, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwarmu, wadda muka binne tun ina goyo.

"Tashi, Tabawa," ta ce. "Ki zo ki ga inda ruwa yake zuwa."

Muka shiga wani gari mai lunguna irin namu, amma samansa ja ne kamar cikin tanderu, kuma ba ka jin komai sai ihu da ƙarar ƙashi yana karyewa.

Farko muka iske wani rami mai faɗi. A ƙasansa mutane ne kwance rigingine, an ɗaure su, da manyan riguna. Motocin tifa suna zuwa bakin ramin suna juye musu tsakuwa da ɓaraguzan gini masu zafi. Na ji haƙarƙarinsu yana fashewa, na ga jini yana tsattsafowa ta cikin yashi. Idan sun rufu, sai ƙasa ta tofo su, jikinsu ya haɗu, wata motar ta matso.

"Iya, su wane ne waɗannan?"

"Masu sayar da abin da ba nasu ba. Kududdufi, filin idi, gefen maƙabarta, makarantar yara. Ga kansila, ga dillali, ga mai unguwar da ya ce bai gani ba. Sun cike wa ruwa gida, yau ana cike su."

Na gane mai unguwarmu. Ya miƙo hannu yana cewa, "Tabawa, daga sama aka ba ni umarni!" Tsakuwa ta cika masa baki.

Muka wuce wani dandali. Wasu mutane masu ƙiba suna gudu da babbar riga, adduna da gatura suna bin su, ba hannun da ke riƙe da su. Gatari ya sari ɗaya a kafaɗa, hannun ya faɗi yana ta ɗaga yatsu kamar a wurin kamfen. Wani an tsarge shi daga wuya zuwa cibiya yana tattara hanjinsa.

"Waɗannan fa?"

"Masu raba wa 'ya'yan mutane ƙwaya da makami lokacin zaɓe, nasu 'ya'yan suna karatu a ƙasar waje. Kowane sara da aka yi da sunansu ya dawo yana neman mai shi."

A lungu na gaba sai ƙaurin nama ya buge ni. Samari da 'yan mata ne a tsaye, har da manya, wayoyi sun narke sun manne musu a tafin hannu, fatar tana ɗiga. An kafe musu fatar ido da ƙusa. A gaban kowannensu katanga tana faɗowa kan uwarsa, uwar tana kiran sunansa daga ƙarƙashin ƙasa, shi kuwa hannunsa ya ƙi sauka. A cikinsu na ga ɗan Asabe maƙwabciyata, wanda ya tura hoton ƙafar Laure duniya ta gani.

Wallahi daɗi na ji. Na ce, "A ƙara masa!"

Iya Dudu ta dube ni, ta ja ni gaba.

Muka ratsa unguwar dogayen katangu masu kwalabe da waya a kai. A kowace ƙofa ga makara da gawa, gawar tana magana, tana roƙon a ɗauke ta, ungulaye suna fizgar idanunta. Iya ta ce waɗanda suka zauna cikin mutane ne ba su san sunan maƙwabcinsu ba, ba zuwa suna, ba jana'iza, sai gaisuwa ta gilashin mota.

Na tsaya na ce, "Iya, ina Laure? Don Allah ki nuna min ita."

"Ba ta garin nan. Wanda gini ya kashe yana wurin da ba a kuka. Ke ki ji da kanki."

Sai ga mu a layinmu. Gidana ba ya nan, sai wani dogon bango na siminti, an toshe rariyar. Bayansa ruwa ya taru baƙi ƙirin yana tafasa yana hawa. Na ga Asabe ta ɗora jikarta a ka, ruwa ya kai mata haɓa. Na ga Malam Barau ladan, wanda ƙafarsa ta shanye, yana dukan bangon da goshi har ya tsage. Katangu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da wanda ta danne. A gindin bangon, daidai bakin rariyar, an haƙa wani gurbi daidai tsawon mace.

"Na wace ce wannan, Iya?"

"Ba a sa kowa ba tukuna. Wadda za a kwantar, bakinta ne zai zama rariyar. Duk ruwan da ta hana hanya ta maƙogwaronta zai bi, da gawarwakin da ya kwaso."

"Ni aka zalunta, Iya! Ni aka kashe wa 'ya!"

"An zalunce ki. Mai unguwa ma cewa ya yi ba shi ya zuba yashin ba."

Ta tura ni cikin gurbin. Ya yi min daidai. Ruwan ya fasa haƙorana ya shiga, na ji gashin jikar Asabe a harshena.

Na farka ina kakari, hijabina ya jiƙe sharkaf, ana kiran la'asar. Magaji yana tsaye a kaina.

"Inna, lafiya? Ga Alhaji mai shagunan can a zaure."

"Ka ba shi ruwa ya sha, ka sallame shi."

"Haba Inna! Da safe kika ce to."

"Yanzu na ce a'a."

"Saboda wa? Mutanen da suka tsaya suna ɗaukar Laure a waya?"

"Su ɗin. Da 'ya'yansu."

"In katangar ta sake faɗowa fa?"

"Kai da ke Abuja ka aiko a gyara ta. Rariyar nan ba a toshe ta ina da rai, kuma ko na mutu ban yafe ba."

Ya tsaya yana kallona, ya juya ya fita. Gabas ta riga ta yi baƙi. Na yi sallah, na nufi gidan Asabe, wanda na rantse ba zan ƙara takawa ba, don a tara mazan layi su yashe kwata kafin ruwa ya sauko. Ɗanta na iske a zaure. Ya sunkuyar da kai ya kasa gaishe ni.

Na ce, "Ajiye wayar nan, ka ɗauko shebur."