Allurar da ke Firjin Maman Somadina

Saura kaɗan ban rubuta wannan labari ba. Sau biyu ina farawa ina yage takardar, saboda maganar cikin gida ce. Shatu ce da kanta ta ce in rubuta, ba komai.

Shatu matar Kalilu ce, wani tela a garin Zango. Shekara biyar ke nan mijinta yana kan allura. Kafin a fara ta, ciwon ciki ya kusa kai shi ƙasa. Murɗa, gudawa da jini, da ramar da ta sa ya rage ƙugun wandonsa sau uku da kekensa. An ce basir ne, an sha jiƙo. An ce sammu ne, an sha rubutu. Sai da wansa Saminu ya kai shi wani babban asibiti a Kano aka gano kumburin hanji ne, wanda likita ya kira cutar Crohn. Ya ce ba a rabuwa da ita, lallaɓa ta ake yi. Ya rubuta wata allura mai kama da ƙaton biro, wadda Kalilu zai riƙa yi wa kansa a cinya duk mako biyu, kuma dole a ajiye ta a sanyi.

Sanyin ne ya zama aiki, don wutar unguwarsu sai ta kwana uku ba ta leƙo ba. Mai firjin da ba ya mutuwa a layinsu mutum ɗaya ce, Nkechinyere, wadda kowa ke kira Maman Somadina. Shekararta ashirin tana sayar da lemo da sabulu da madara a bakin titi, kuma ta sa sola a rufin shagonta. Ita ta ware musu lungu ɗaya a firjin. Duk wata uku Saminu ya aiko da guda shida a cikin kula, duk bayan mako biyu, ranar Alhamis, Kalilu ya je ya karɓo ɗaya.

Allurar ta karɓe shi. Ya yi ƙiba, ya koma cin tuwo da miyar kuka kamar kowa, har gona yake zuwa. Sai bayan girbin bara abin ya fara dawowa. Shatu ce ta fara lura, don ita ke cika buta. Da fari sau uku a yini, daga baya sau bakwai. Da suka je Kano likita ya duba takardun gwaji ya daɗe bai ɗago ba.

"Akwai waɗanda in an daɗe ana yi musu, sai jikinsu ya daina jin ta," in ji shi. "Kana yi a kan lokaci?"

"Ina yi," in ji Kalilu.

"To ku dawo nan da mako shida. In babu sauƙi, akwai wurin da hanjin ya tsuke, sai mun yi tiyata mun yanke shi."

Tun a mota Shatu take juya maganar. Allurar da ta yi aiki shekara biyar, haka kawai rana ɗaya ta gaji? Ita dai ba ta yarda ba. Wani abu ake yi wa allurar nan, kuma hannu uku kawai take bi, na Saminu, na Maman Somadina, sai na mai ita.

Maƙwabciyarta Laraba ce ta ƙara mata wuta. Ta shigo aron turmi, ta tarar da ita ta yi tagumi.

"Ke ma dai da yarda kike," in ji Laraba. "Ranar Lahadi fa rufe shagon take ta tafi coci tun safe. Kin san ko kashe firjin take yi don batirinta ya huta? Kuma abu mai daraja haka, wa ya ce miki ba a musanya shi da na jabu?"

"Kai, Laraba, shekara biyar fa."

"To, mutum ba ya canzawa ne?"

Shatu mace ce mai kunya, ko ciniki ba ta iya ja ba, balle ta tsaya gaban babbar mace ta tuhume ta. Sai ta bi ta wata hanya. Ta ce wa Kalilu tana so ta sake wa alluran leda, ta je shagon, ta ɗiga wa kowace ɗigon lalle ƙarami a gindi. Guda huɗu suka rage. Da ta koma bayan mako guda, duk ɗigon suna nan. Ba a musanya ba ke nan.

Saura maganar kashe firji. Ta kwana biyu tana tunani kafin dabara ta zo mata. Ta narka man shanu ta zuba rabin wata 'yar kwalba, ta sayi ƙanƙara, ta kwantar da kwalbar a karkace a kai har man ya daskare a gefe ɗaya. Ranar Asabar da yamma ta naɗe ta a tsumma mai sanyi ta yi sauri zuwa shagon, ta tsayar da ita a cikin ledar alluran. In firjin ya mutu ko na rabin yini ne, zafin Zango zai narka man ya kwanta daidai a gindin kwalba.

Ranar Litinin da hantsi ta koma. Maman Somadina tana zaune a kan benci tana tsince wake, kwalbar tana tsaye a kan kanta a gabanta, da raɓar sanyi a jikinta. Man yana nan a karkace yadda aka daskarar da shi.

"Amarya, zo ki zauna," in ji ta. Shekara bakwai da auren Shatu, amma har yau haka take kiranta. "Yanzu na fito da ita. Jiya na gan ta, na ce to, ko Kalilu ya fara cin allura da man shanu ne? Sai na ga yadda man ya kwanta. Na ce lallai yarinyar nan ta fi 'yan sanda."

Shatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja hijabinta ta rufe rabin fuska.

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Lallen ma na gani. Ni na haifi 'ya'ya huɗu, kina tsammani ɗigo zai wuce ni?" Ta ture farantin waken gefe. "Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Ranar da batirina ya lalace, lemona na bari ya yi zafi, na ɗauki maganin mijinki a kula na kai gidan ƙanwata. Ban gaya wa kowa ba. Amma na ga yadda ya rame, in ni ce ma zan zargi kowa."

"Likita ya ce za a yanka shi."

Maman Somadina ta dube ta ta ce, "Ke kina ganin lokacin da yake yin allurar?"

"Da a ɗaki yake yi. Yanzu ya ce a shagonsa yake yi, don kada ta yi zafi a hanya."

"Shagonsa yana gabas. In ya karɓa a nan, yamma yake yi, hanyar gidanku. Ni dai abin da idona ya gani ke nan."

Shatu ta koma gida. In gida yake kawo ta, kuma ba ɗakinsu yake shiga da ita ba, ina yake kai ta? Ta duba zaure, ta duba rumbu, ta duba saman katangar banɗaki. Har bola ta tona da kara. Ba ta ga komai ba. Da Kalilu ya dawo cin abinci ta riƙa satar kallonsa, yana tsakurar tuwo kamar mai jin tsoronsa. Ko sayarwa yake yi? Ko wani ya hure masa kunne ya daina? Shekara bakwai ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba, shi ya sa abin ya fi ci mata rai.

Ranar Alhamis ta kasa kunne. Wajen ƙarfe goma ta ji sallamarsa, ta ji ya wuce ɗakin mahaifiyarsa, Inna Barakatu, wadda ke kiransa Auta, kamar yadda yake yi kullum in zai gaishe ta. Ya ɗan jima ya fita.

Inna Barakatu ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, kuma Shatu ce ke shafa mata man zafi bayan azahar. Ran nan da ta ɗage zanen tsohuwar zuwa saman gwiwa, sai ta ga wani jan tabo a cinyarta, ya ɗan kumbura, faɗinsa kamar kwabo, da ɗigon jini a tsakiya. Hannunta ya tsaya. Shekara biyar tana ganin irin wannan tabo a cinyar mijinta.

"Sauro ne, Inna?" ta tambaya a hankali.

"Wane irin sauro? Allurar Auta ce. Allah ya yi masa albarka, tun bayan girbi yake yi mini duk wata. Kin ga har masallacin Juma'a nake takawa yanzu." Sai tari ya sarƙe ta, ta daɗe tana yi kafin ya lafa.

Shatu ta gama shafa man, ta sauke mata zanen.

Bayan la'asar Kalilu ya shigo ya kwanta a tabarma ya dafe ciki. Ta tura ƙofa ta zauna daga gefen ƙafafunsa.

"Malam, na ga cinyar Inna."

Yana kwance ya ce, "Ɗaya nake yi, in ba ta ɗaya. Ba dainawa na yi ba."

"Likita ya ce duk mako biyu."

"Na sani, Shatu. A layin asibiti na haɗu da wani dattijo, irin allurar nan ake yi masa saboda ciwon gaɓoɓi. Na zo ina ba Inna labari, ban kawo komai a raina ba. Sai ta ce, 'Auta, abin da ya tashe ka daga kwance, ba za ka ɗan sam mini ba?' Ke ki gaya mini, me zan ce mata? In ce a'a? Uwar da ta yi shekara biyu tana wanke mini zanen gado?"

"Sai ka ce mata taka ce, a ƙirge take."

"Na ce mata likita ne ya ƙaro."

"Shi kuma likitan ka ce masa kana yi a kan lokaci. Yanke maka hanji zai yi fa, yana ganin allurar ce ta daina aiki." Ta matso kusa da shi. "Kuma ka manta kafin a fara maka sai da aka ɗauki hoton ƙirjinka? Aka ce in mutum yana da tsohon tari a ɓoye, allurar tana iya tayar da shi. Ka ji tarin da Inna take yi kuwa?"

Kalilu ya tashi zaune. Ta ga maganar ta shige shi, amma sai ya girgiza kai.

"Zan daina ba ta. Zan ce ta ƙare. Amma don Allah kada ki gaya wa kowa. In Yaya Saminu ya ji, da wane ido zan kalle shi? Inna kuma in ta san tawa take sha, ba za ta yafe wa kanta ba."

"To likita fa?"

"Mu bari mu gani. Wataƙila kafin ranar na warware."

Bai gama rufe baki ba ya miƙe da sauri ya ɗauki buta. Shatu ta bi bayansa da kallo, yana tafe a duƙe, hannu ɗaya a bango. Ta san shi sarai. Gobe in Inna ta ce gwiwa ta motsa, ba zai iya cewa ta ƙare ba.

Washegari da safe ta dama koko ta kai wa Inna Barakatu. Tun da aka kawo ta gidan, gaisuwa ce kawai ke haɗa su sai aike, ko ido ba ta haɗawa da surukarta. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye kwanon, amma ba ta tashi ba.

"Lafiya, 'yar nan?"

Shatu ta kafa idonta a tabarma ta faɗi komai. Ta ce ba a ƙaro ko ɗaya ba, shida ce duk wata uku, kuma duk wadda ta shiga cinyar Inna daga cikin tasa ta fita. Ta faɗi maganar jinin da ya dawo, da ranar da likita ya sa, da abin da za a yanke.

Tsohuwar ta ajiye ludayin da ta ɗauka. Ta daɗe tana kallon gwiwoyinta.

"Ya ce mini ƙari ne," in ji ta. "Kira mini shi."

Shatu ta je ta gaya wa Kalilu Inna tana kira. Ya dube ta, ya gane, ta kuwa bar shi da kallonsa. Ta buɗe akwati ta ɗauko katinsa na asibiti ta sa a jaka, ta zura hijabi, ta nufi tasha ta kama musu wurin mutum uku a motar Kano, ita da shi da Inna.