Dawar da Ta Tare Allo

Mun daɗe muna jin a rediyo cewa an ware kuɗin gina mana sansanin soja, har muka haddace sanarwar. Da abin ya tashi zuwa, sai muka ga ƙofa. Ƙatuwar ƙofar ƙarfe ce mai koren fenti, da allo a samanta, da sandar tuta a gefe. Katanga kuwa an ce tana cikin kasafin baɗi. Awakin ƙauyenmu ba su taɓa bin ƙofar ba, ta gefe suke shiga.

A bakin hanyar Kakangi aka kafa sansanin, jikin gonar Shekari. Shekari dattijo ne, ya zo daga kudancin Kaduna tun yana saurayi, ya yi noma a nan har furfura ta cika masa kai. Babbar gonarsa mai fadama tana can bakin daji, amma tun da 'yan bindiga suka mai da wurin zangonsu bai sake taka ta ba. Wannan 'yar gonar ta bakin hanya ita ce ta rage masa, ita ce abincin shekara na gidansa, shi da matarsa Sabina da jikokinsu. A bana dawar ta yi kyau, ta fi mutum tsayi, ta fitar da kai, saura kaɗan ta nuna.

Sai aka ce manya za su zo buɗe sansani. Motocin yaƙi suka shigo a jere, sojoji suka yi ta dira, wasu har da baƙin tabarau. Aka tara duwatsu aka shafa musu farin fenti, aka jera su gefen hanya, don kowa ya san ba abin da ɗan bindiga ke tsoro kamar farin dutse. Mu kuwa muka yi ta washe baki.

Wani Kyaftin ya tsaya a kan hanya da mai ɗaukar hoto, suka ga dawar Shekari ta tare allon. Daga inda motocin manya za su ɓullo, kan tuta kawai ake hangowa. Ya sa aka kira Shekari. Bai ambaci hoto ba, ai ba a faɗin haka. Cewa ya yi dokar tsaro ta hana shuka mai tsayi kusa da sansani, don maƙiyi na iya ɓuya a ciki. Shekari ya roƙa a yi masa haƙuri dawar ta nuna.

"Baba, dubi motocin nan," in ji Kyaftin. "Fadamarka ta dawo hannunka. Mu za mu raka ka noman rani, mu tsaya a kanka har ka girbe."

Sabina ta ce kada ya yarda, ita ba ta taɓa tuƙa tuwo da alkawari ba. Amma Shekari ya yi kewar fadamar nan ƙwarai, ga kuma motoci yana gani da idonsa. Abu ɗaya ya ƙi: ya ce soja ba zai sa hannu a shukarsa ba, wanda ya shuka shi zai sare. Ya wasa addarsa ya shiga gonar. Raina ya ɓaci da na gan shi yana kwantar da ɗanyar dawa, kunya bayan kunya, bai ɗaga kai ya dubi kowa ba.

Manya suka zo, suka yanke ƙyalle, aka ce mana zaman lafiya ya dawo. Ba su ko sha ruwa ba, don suna so su bar hanyar nan kafin la'asar. Motocin yaƙi suka bi bayansu, wai rakiya. Mun zaci za su dawo. Ashe aro su aka yi, akwai wani ƙyallen da ke jiran almakashi a wata jiha. Har janareto da kujeru sai da aka loda.

Abin da aka bar mana shi ne sojoji 'yan ƙalilan a ƙarƙashin wani Kofur Salim, da babur ɗaya wanda ba mai a cikinsa.

Da ruwa ya ɗauke, Shekari ya saɓa fartanya ya je sansani. Ta ƙofa ya shiga, don shi mutum ne mai ladabi. Ya ce ya zo a raka shi fadama. Kofur Salim, ramamme, idanu sun faɗa, ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce an yi wa Kyaftin canjin wurin aiki, su ba a ba su umarni ba, ko an bayar ma da ƙafa za su je. Shekari ya juya zai tafi, sai Kofur ya biyo shi, ya sassauta murya.

"Baba, don Allah ko akwai 'yar dawa a gida? Abincinmu bai iso ba."

Shekari ya nuna masa gonar da bakin fartanya, inda awaki ke tattaka busasshen kara.

"Ga ta can a kwance, ɗana," ya ce. "Amma allonku ya fito sosai."