Wata Uku Ba Ciyawa

"Ka miƙo min bokitin, Bilqis, ban mutu ba tukuna!"

Baba Andrew ke nan, maƙwabcinta a Tungan Maje, wanda kowa "ka" ne a bakinsa. Yana tsaye cikin gonar doyarsa, ƙafafu a kumbure suntum. Asibiti sun sallamo shi ya je gida ya huta. Wane hutu! Ɗangoggo dillalin filaye ya fara zagaya gonar, kuma kowa ya san halinsa: sai ciyawa ta rufe wuri, ya kwaso masu saye ya ce ba mai shi.

Bilqis ta miƙa masa bokitin, cike da wasu ƙananan ƙwayoyi. A ofishinsu na binciken noma aka haɗa ƙwayoyin. Maganin ciyawa ne a lulluɓe cikin ƙaron roba, duk ruwan da ya sauka sai ya saki kaɗan.

"Wata nawa yana aiki?"

"Uku, Baba."

"Ni wata ɗaya likita ya ba ni. Ashe maganin ya fi ni kwana!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Tausayi ya kama ta. "Kawo in watsa maka mana."

"Gonata ne. Tsaya can."

Haka ya bi kunyoyin ɗaya bayan ɗaya, matarsa Magdalene na biye da shi da kujera, ya ƙi zama.

Kwana goma sha tara a tsakani, ranar wata Talata da hantsi, ya cika. Damina kuwa ta zuba ba ƙaƙƙautawa, gonakin gefe ciyawa har ƙugu.

Sati na shida da watsa maganin sai ga Ɗangoggo da wani oga daga Maitama. Bilqis ta hango motar, ranta ya ɓaci, ta ja mayafi ta bi su.

"Oga, mai wurin ya rasu, an yi watsi da shi," in ji Ɗangoggo.

Ogan ya dubi kunyoyin, tas, ko tsinke babu, doya ta hau sanduna. Magdalene na zaune a bakin gona kan kujerar nan.

"Mama, wa ke nome nan?"

"Mijina."

"An ce ya mutu ai."

"Ya mutu. Aikinsa ne bai gama ba. Ku sauka min daga kunya."

Ogan ya harari Ɗangoggo, ya koma mota.

Yayyafi ya fara. Bilqis ta tsuguna, ta ga ƙwaya ɗaya a waje, ta jiƙe, saura rabinta. Ta sa yatsa ta rufe ta da ƙasa.