Gadar Dogon Hayaƙi

Anti ta tare ni a ƙofar kicin tun ban ajiye jakata ba. Matar Yayana ce, kuma tunda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi ta koma yin magana ƙasa-ƙasa a cikin gidanta.

"Auta, don Allah ki ɗaga masa ƙafa yau," ta ce. "Ni ban san kan wasan nan naku ba, amma na ji ana mutuwa a ciki. Kada ki bari nasa ya mutu. Tun safe yake tambaya ko kun iso, kuma rabon da in ji ya tambayi wani abu har na manta."

Na ce mata to, don ba a yi wa Anti musu a tsaye, amma raina bai so ba.

Wasan namu na baki ne da takarda. Mutum ɗaya ke jan labari, shi ke faɗin abin da ke gaban 'yan wasa, kogo ne ko kasuwa ko dodo. Sauran kowa yana da jaruminsa a rubuce, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko ya dace. Akwai littafin dokoki mai kaurin bulo. In gardama ta tashi mai jan labari ne alƙali, in ya yanke ta yanku, kuma jarumin da ya mutu ya tafi ke nan.

Yaya ne ya koya mana, a bayan shagonsa na gyaran firiji, muna zaune kan matattun injina. Ban taɓa ganin alƙali marar tausayi irinsa ba. Ya taɓa kashe min jaruma ranar da na faɗi jarrabawa, ina kuka yana tattara 'yan lido yana cewa doka ba ta san na faɗi ba. Da ya gaji da alƙalanci sai ya miƙa min kwalin da mai jan labari ke ɓuya a bayansa, shi kuma ya ɗauki jarumi: Dogon Hayaƙi, boka mai rufa ido. Shekara da shekaru yake riƙe da shi, takardar har ta yi laushi kamar tsumma.

Wannan ne zamanmu na farko tun bayan ciwon. An jawo teburin cin abinci tsakiyar falo, an kwashe kwalayen magani an jera su kan talabijin. Yaya na zaune a kan tebur, sandarsa jingine da bango, hannunsa na dama a kwance kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Ya yi aski. Rigar da ya sa ta yi masa yawa.

Abokansa biyu sun riga ni zuwa. Akwai Direba, mai tuƙa motar haya, wanda jaruminsa ba ya da wata dabara sai gatari. Akwai kuma Sakin Layi, ma'aikacin kamfanin inshora, wanda ya samu sunan don ba ya buɗe baki sai ya ce "sakin layi na kaza ya ce". Shi da Yaya ba su taɓa yarda da juna kan komai ba, ko da kan launin sama ne.

Muka ɗora daga inda muka tsaya. Jaruman uku suna gudu a ƙarƙashin wani tsohon birni, wasu kuraye masu sulke, masu tafiya da ƙafa biyu, na bin su da kibau.

Tun farkon zaman abin ya fara ba ni haushi. Yaya ya miƙa hannun hagu zai ɗauki ɗan lido, Direba ya yi wuf ya sa masa a tafi. Yaya ya ce wata kalma da ba ta fita sosai ba, Sakin Layi ya fashe da dariya, alhali ba abin dariya ya faɗa ba, ruwa ya nema. Da ɗan lidon ya kufce masa ya gangara ƙasa ya nuna uku, Direba ya taka shi da sauri ya ce, "Na ƙasa ba ya shiga lissafi, Injiniya, sake." A teburin nan kuwa tun fil azal na ƙasa na shiga. Yaya ya dubi ƙafar Direba, ya dube ni. Na bari aka sake jefawa, maganar Anti na kunnena.

Suka iso bakin wani kwazazzabo da ba a ganin ƙasansa. Direba ya cilla igiya, ya haye. Sakin Layi ya haye. Na jefa wa kurayen nasu a bayan kwali, ɗan lido ya ba su mafi girman lamba, bakina kuma ya riga tunanina.

"Kibiya ta tsinke igiyar," na ce. "Dogon Hayaƙi, kai kaɗai ka rage a wannan gefen. Suna dab da kai. Me za ka yi?"

Sai da na faɗa na gane abin da na yi. Da na ce kibiyar ta kuskure babu wanda zai sani. Duk da haka ban tsorata sosai ba, don boka irin nasa yana da mafita da yawa. Zai iya zana bangon ƙarya ya ɓuya a bayansa. Zai iya sa su ji rurin dodo daga bayansu su watse. Ya sha yin waɗannan yana hamma.

Yaya ya daɗe yana kallon takardarsa. Magana yanzu sai ya nemo ta ɗaya bayan ɗaya.

"Gada," ya ce. "Na yi... gada. Ta dutse. Na haye."

Direba da Sakin Layi suka dubi juna.

Babu wanda bai san dokar ba a cikinmu, kuma daga bakin Yaya muka haddace ta. Rufa ido yana yaudarar ido da kunne da hanci, amma ba ya da jiki, ko tsinke ba ya ɗauka. Direba ya fi kowa sani, don jaruminsa na farko tsanin ƙarya ya taka, Yaya ya sako shi daga saman hasumiya yana murmushi.

Mai jan labari yana da gargaɗi guda ɗaya da aka yarda ya yi, na yi shi.

"Yaya, ka tabbata?"

"Na faɗa," ya ce.

Abin da aka faɗa an yi shi, haka muke wasa. Ban san da wanda nake magana ba. In Yayana na da ne, to tarko ya ɗana min, yana so ya ga ko ni ma na shiga sahun masu lallaɓa shi, kuma in na bar shi ya haye ba zai sake zama a teburin nan ba. In kuwa da gaske ya manta, in ciwon ya cinye har wannan, to zan tona masa asiri a gaban abokansa, in kuma kashe masa abu guda da ya sa shi yin aski yau. Na dubi fuskarsa ko zan gane. Rabin fuskar ba ya motsi, ɗaya rabin kuma dama can ba ya faɗa wa kowa komai.

Sakin Layi ya yi gyaran murya ya jawo littafin.

"Tsaya, Auta, kada ki yi gaggawa," ya ce. "Akwai magana a nan. Sakin layi na biyu ya ce wanda ya gaskata abin da ya gani zai ji shi tamkar gaske, zafinsa da sanyinsa da taurinsa. Taurinsa, kin ji? To in ƙafa ta ji tauri, ai ta taka wani abu ke nan."

"Ta ji ne kawai," na ce. "Wanda ya gaskata wutar ƙarya yana jin zafi, amma rigarsa ba ta ƙonewa. Kai ka kawo wannan misalin da kanka, har ka buga tebur."

"Waccan wuta ce, wannan gada."

Na ce, "Kuma Dogon Hayaƙi da kansa ya yi ta. Ta yaya mutum zai gaskata ƙaryar da shi ya shirya?"

"Ya ji rauni a ka ɗazu," Direba ya sa baki. "Wataƙila ya ruɗe, ya manta shi ya yi."

Kalmar ta fita kafin ya kama ta. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin motarsa. Yaya bai ko dube shi ba.

Sakin Layi bai haƙura ba. Ya buɗe nan, ya buɗe can, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ya ce bokan da ya kai matakin Dogon Hayaƙi akan sa ɗan kaso na gaskiya a sihirinsa. Na ce wannan wani sihiri ne daban, kuma ba ya cikin takardar Yaya. Ya ce to ai littafin bai ambaci gada da sunanta ba. Na ce bai ambaci tsani ba ma. Mutumin da ya taɓa tsayar da wasa har shayi ya huce don an yi wa doka ƙarin taku ɗaya, yau shi ke murɗa ta kamar wanki. Na ji kamar in kwaɗa masa littafin a ka, na kuma ji tausayinsa, don na san saboda ƙauna yake yi.

"Auta," ya ce a hankali, ya rufe littafin. "Ke ce alƙali. Shafin farko ya ce mai jan labari na iya sauya kowace doka don daɗin wasa. Babu wanda zai ce miki don me."

Wannan gaskiya ne, shi ya sa ya fi sauran ciwo.

Anti na tsaye a bakin ƙofa da faranti da kofuna, ban san tun yaushe ba. Ba ta fahimci gada ko tsani ba, amma ta fahimci fuskokinmu. Ta kafe ni da ido tana girgiza kai kaɗan-kaɗan.

Na sake duban Yaya. Yanzu ba takardarsa yake kallo ba, ni yake kallo. Hannunsa na hagu na kan tebur, ya dunƙule shi har jijiyoyi sun fito. Na tuna ba a taɓa yi masa ƙarya a wasan nan ya kasa ganewa ba, ni kuma ban taɓa iya yi masa ita ba ko a wajen wasa.

"Gadar ta fito," na ce. "Kyakkyawa ce, ta farin dutse, har da gansakuka a gefenta. Kurayen sun ja birki suna kallonta. Ka ɗaga ƙafa ka ɗora." Na dube shi ido cikin ido. "Babu komai a wurin, Yaya. Ka ratsa ta. Ka faɗa."

Kofunan suka yi ƙara a hannun Anti.

"A jefa masa ko zai kama gefen dutse," Direba ya ce da sauri.

Wannan haƙƙinsa ne a doka, na ce ya jefa. Direba ya kai hannu zai miƙa masa ɗan lidon, Yaya ya buge hannun. Ya ɗauka da kansa, da ƙyar, ya sake shi a tsakiyar tebur inda kowa ke gani. Huɗu.

"Bai isa ba," na ce. "Dogon Hayaƙi ya mutu."

Sakin Layi ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga. "To aƙalla kurayen su bi shi," ya ce. "Sun ga gada. Su hau su zuba, ya zama ya tafi da su."

"A'a."

Yaya ne. Duk muka juya.

"Sun ga... na ratsa," ya ce. "Wanda ya ga an ratsa... ya gane. Ba za su bi ba. Sakin layi... na uku." Ya dubi abokinsa da gefen bakin da ke motsi. "Ka karanta... littafinka."

Direba ya yi wata irin dariya mai haɗe da kuka. Ni ban yi ba, don akwai abin da nake so in sani, kuma ba zan iya tafiya gida da shi ba.

"Yaya, gwada ni ka yi?"

Ya girgiza kai. "Na manta," ya ce. "Wallahi... na manta. Shaf. Sai da na ji wannan... yana kare ni. Tunda nake... bai taɓa ba. Na ce lallai... na yi shirme."

"To me ya hana ka janye?"

"Na faɗa," ya ce. Ya nemo sauran da ƙyar. "Kuma ina so in ga... ko akwai wanda ya rage... da zai ce min a'a."

Anti ta ajiye farantin a kan kujera ta koma kicin. Na san ni da ita akwai zama, kuma ba zan ji da daɗi ba.

A teburinmu wanda jaruminsa ya mutu shi ke yaga takardar da hannunsa, babu mai taɓa masa. Yaya ya jawo ta gabansa. Ya danne da gwiwar hannu ya ja, ta zame. Ya sake, ta sake zamewa ta kusa faɗuwa ƙasa. Direba ya motsa, na harare shi ya koma ya zauna. Muka zuba ido muna jin numfashinsa.

Ya daina. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama. Sannan ya turo takardar ta gefen kwalina, ya riƙe kusurwa ɗaya gam.

"Auta," ya ce. "Kama min can."

Na kama, ya ja.